Bege kuke yi?

Sai da muka yi wata biyu a Yamai kafin na daina ba masu tumatir dariya. A kasuwar Wadata in mace ta ce miki dala ashirin, sefa 100 take nufi, jikka kuma 1000. Wannan da asara na koye shi. Abin da ban zata ba shi ne har a coci sai na sake koyon magana.

Ni mutuniyar Wusasa ce, ta Zariya. Aikin maigidana ya kawo mu, muka kama haya a Bukoki. Lahadin farko, da aka tashi sujada, na tari wata mata na ce mata ni 'yar kwaya ce, wato ƙungiyar mawaƙan coci, ina so a sa ni. Ta dube ni sama da ƙasa kamar na ce mata ƙwaya nake sha. Sai da na ɗan rera mata baiti ɗaya ta tafa hannu: "Haba, koral kike nufi!" Mu mun aro tamu daga Turancin Ingila, su daga Faransanci, ashe uwarsu ɗaya, wata kalmar Helenanci, harshen Girka, ce ta taron masu rawa da waƙa. Waƙar da ake buɗe littafi a yi kuma kantik suke ce mata. Daga harshen Latin ta fito, kuma duk ƙawarta a baki ma'anarta waƙa ce kawai.

Wanda ya warware mini waɗannan wani dattijo ne mutumin Galmi, garin albasa, inda 'yan mishan suka buɗe asibiti a 1950. Ya yi makarantar Littafi Mai Tsarki a ƙuruciyarsa, in ya fara bayani kuwa sai dai abinci ya ƙone. Ya ce, "Ɗiyata, mi ya dame ki da kalmomin Nasara? Buɗe Afisawa 5:19." A nan Manzo Bulus ya jera iri uku: zabura, waƙoƙin yabo, da waƙoƙin ruhu. Ta tsakiyar, in ji Baba, humnos ce da Helenanci, waƙar da Helenawa ke yabon gumakansu da jarumansu da ita tun kafin zuwan Almasihu. Kusan kirari ke nan. Masu bi suka ɗauke ta suka mai da ita ga Allah, kamar yadda mu ma muka ɗauki yabo, wanda maroƙi ke yi a ƙofar sarki don a ba shi riga.

Zabura ce ta fi ba ni mamaki. Tun ina ƙarama nake haddace ta 23, ban taɓa tambayar inda sunan ya fito ba. Larabci ne, Zabur ɗin da Alƙur'ani ya ce an ba Annabi Dauda. Yahudawa suna kiran littafin, mai waƙoƙi 150, Tehillim, wato yabo. Helenawa kuwa kayan kiɗan suka duba, suka ce masa salmos, daga taɓa tsirkiya da yatsa. Baba ya ce in na ga mai gurmi yana kaɗawa yana waƙa, to na ga salmos. Hosanna ma da muke ihunta ranar Lahadin ganyen dabino muna murna, asalinta roƙo ne da Ibrananci, "ka cece mu", yana nan a Zabura 118:25.

A cocinmu ana waƙa da Hausa da Faransanci da Zabarmanci. Na Zabarmancin har yau baki kawai nake motsawa, ban da Irkoi, sunan Allah, ba abin da nake kamawa. Ina jira ne a zo kan Halleluya in ɗaga murya. Ita dai a waƙoƙinmu ba a fassara ta ba, ma'anarta "ku yabi Yahweh", sunan Allah da Ibrananci, ce a ko'ina.

Wata Asabar ina wanki a tsakar gida ina bitar waƙar gobe, sai Hajiya mai gidan hayarmu ta leƙo ta ce, "Amarya, bege kuke yi ku ma?" Na rasa amsa. A wurinta bege waƙar yabon Annabi ce, ta mai ƙaunar da ya kasa haƙuri. A wurinmu bege shi ne sa zuciya ga abin da Allah ya alkawarta, yana tsakanin bangaskiya da ƙauna a 1 Korintiyawa 13. Na yi ta kame-kame ina mata bayani, hannuna duk kumfa.

Ta saurare ni har na gama, ta girgiza kai. "Ni dai na ji muryarki tun daga ɗaki. Wannan begen Zariya ne." Ta koma ciki, can sai ga jikarta da kwanon dambu da zogale.