Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba: daga teburin mai gyaran kwamfuta

Idan hunturu ya kama a Kano, rabin aikinmu a shago shara ce. Mutum zai shigo da laftof a hammata, ya ajiye ta a kan tebur kamar wanda ya kawo gawa, ya ce, "Injiniya, abar nan ta ƙare. Minti goma tana aiki sai ta ɗauke." Ba na ce masa komai sai na kwance bayanta a gaban idonsa. Ƙurar da ke toshe bakin fanka takan dunƙule ta yi kauri kamar audugar tsohuwar katifa. Sai in ɗago ta da ɗan hantsaki in nuna masa, in ce, "Alhaji, ga ciwon."

Bayanin ba shi da wuya. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin, zafi take fitarwa muddin tana aiki. Akwai bututun jan ƙarfe da ke kwashe zafin ya kai shi bakin fanka, fanka ta hura shi waje. In hanya ta toshe, zafin yana dosar digiri 100 sai na'urar ta rage wa kanta gudu, in abin ya ci tura ta kashe kanta don kada ta ƙone. Tsakanin furosesa da jan ƙarfen nan akwai wani mai da ake shafawa, wanda zafin Afrilu kan busar da shi ya koma kamar busasshen kunu. Goge shi da sanya sabo aiki ne na minti kaɗan, amma akwai hannu a ciki. Gwargwadon ƙwayar wake ake ɗigawa, a mayar da kusoshi a ɗaure su ɗaya bayan ɗaya a gicciye, kada gefe guda ya danne ya bar ɗaya. Na sha buɗe na'urar da wani ya lafta mata man nan kamar mai shafa wa burodi bota, har ya malala kan bod, wato babban allon da kayan cikin na'urar ke manne a kansa.

Su ne matsalata a wannan sana'a, waɗanda nake kira 'yan fomatin. Yaro ya yi wata uku a gindin wani, ya sayi falash ɗaya da sukuddireba biyu, ya kafa tebur da lema a bakin kasuwar waya, shi ke nan ya zama injiniya. Kowace cuta aka kawo masa, maganinta ɗaya: a goge komai a zuba sabon Windows. Na'ura na zafi, fomatin. Kibod ya ƙi, fomatin. Ya karɓi kuɗi kaɗan, mai kaya ya tafi yana murna ya samu araha, bayan kwana uku ciwon ya dawo, takardunsa na shekara biyar kuma sun tafi. Sannan ne za a zo wurina, a kuma fara da cewa, "Ai can wancan rabin haka ya karɓa." Nakan ce albarka, in ƙara da cewa ai da aikin can ya yi, da ba mu ga juna ba.

Ni ba haka na koya ba. A 2003 mahaifina ya kai ni wurin wani dattijo a Sabon Gari, mai gyaran rediyo da talabijin ne tun asali, kwamfuta ta zo ta same shi a kan teburinsa ya karɓe ta. Wata shida na yi ban taɓa cikin na'ura ba. Aikina shara, sayo abinci, da rarraba kusoshi a gwangwanayen madara gwargwadon tsayinsu. Lokacin haushi nake ji, sai daga baya na gane: kusa ɗaya mai tsayi in ta shiga ramin gajeriya, tana iya huda bod ta kashe na'urar da aka kawo da ƙaramin ciwo. Zamanin Pentium III da Pentium 4 ne, zamanin Windows 98 da XP, ana yawo da diskit mai cin megabayit 1.44, wanda yau hoto ɗaya na wayarka ba zai shiga cikinsa ba. Maigidana bai iya Turanci sosai ba, amma ya iya mita, abin auna wutar lantarki. Duk abin da na ce masa "ina jin kaza ne", sai ya miƙo min wayoyin mita, ja da baƙi, ya ce, "Ji naka ne. Auna." Har yau in yaro ya ce min bod ya mutu, tambayata ta farko ita ce ko bolt 19 ɗin caja yana shiga, in yana shiga a ina ya tsaya. Sau da yawa ɗan ƙaramin abu ne wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba ya ƙone, a cire shi da iska mai zafi, a ɗora wani da dalma, na'ura ta tashi. Wannan aikin ne ke bambanta mai gyara da mai sauya kaya, kuma shi nake alfahari da shi.

Akwai ranar da ba na mantawa. An kawo kwamfutar wani ma'aikaci, maigida ya fita salla, ni kuma na buɗe jakar hotunan mutumin ina kallo. Ba wani abin kunya a ciki, hotunan suna ne da na iyali. Ban ji shigowarsa ba. Bai daka min tsawa ba, cewa kawai ya yi in ɗauki hulata in tafi gida sai bayan mako guda. Da na dawo ya ce, "Wanda ya ba ka na'urarsa, makullin ɗakin matarsa ya ba ka. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ido ma ba don kallon komai ba." Ita ce doka ta farko da nake karanta wa duk yaron da aka kawo min, kuma na taɓa sallamar ɗaya a kanta, ɗan aminina ne ma.

Mutane ba su san yawan abin da suke miƙa wa mai gyara ba. Hotuna, takardun fili, lambar BVN da NIN da aka ɗauka a hoto aka ajiye, burauza da ta haddace kalmar sirrin imel da ta banki. Kuma goge abu ba ya nufin ya tafi. A tsohon had disk mai faifai, in ka goge fayil, sunansa kawai aka cire daga rajista, shi yana nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansa. Da wannan nake ceto aikin ɗaliban BUK da suka goge furojet ɗinsu saura mako guda su miƙa, kuma da wannan ɗin dai wani marar tsoron Allah zai tono hotunan matar da ta sayar da laftof ɗinta tana ganin ta share komai. Laftof 'yan gwanjo da muke saye daga Legas, na sha kunna su in tarar da takardun wani ofishi na Ingila ko Amurka ba a ko taɓa su ba. Shi ya sa duk wadda za ta fita daga shagona sai na bi faifanta kaf na rubuce shi da sifiri, ko da zai kwana yana yi. In kuma za ka kawo gyaran sikirin ko kibod, ba na buƙatar kalmar sirrinka. Duk mai gyaran da ya nace sai ka ba shi don canjin sikirin, ɗauki kayanka ka yi gaba.

Kwanaki wata Hajiya ta ce min ita ba ta da abin ɓoyewa, me za a yi da bayananta. Na ce, "Hajiya, to me ya sa kika sa labule a ƙofar ɗaki?" Ta yi dariya. Mun dai ga yadda manhajojin bashi suka riƙa kwashe lambobin da ke wayar mutum, in ya makara biya su bi surukansa da limamin unguwarsu da saƙon tozarci. Shi ya danna "na yarda" da hannunsa bai karanta ba. Tun 2013 da Edward Snowden ya fallasa irin tattara bayanan da hukumar leƙen asirin Amurka ke yi, da kuma badaƙalar Cambridge Analytica ta 2018, kamfanin da ya kwashe bayanan masu amfani da Facebook, na daina ɗaukar maganar nan a matsayin surutun Turawa. An sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a a Najeriya a Yunin 2023, abu ne mai kyau, amma doka ba za ta zo ta tsaya a bayan yaron da ke kwafe hotunanka a falash ɗinsa ba.

Ana yawan tambayata wace babbar manhaja ce ta fi, wato wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya. Ra'ayina ne, ba wahayi ba. Windows XP doki ne, ya yi aiki daga 2001 har aka janye masa tallafi a 2014. Windows 7 shi na fi ƙauna, ba ya surutu, ba ya roƙonka komai. Windows 10 mun saba da shi, sai ga shi an rufe babinsa ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuwa yana da sharuɗɗa: sai na'ura tana da abin tsaron nan TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel sai furosesa ta kai ƙarni na 8. To mafi yawan abin da ke hannun ɗalibai da masu shagunan buga takardu a garin nan ƙarni na 4 ne zuwa na 7, ThinkPad da Latitude da EliteBook masu ƙashi, waɗanda za su yi wata shekara biyar ba su yi tari ba. Akwai dabarar tsallake sharaɗin, 'yan fomatin suna yi kullum, amma ba sa gaya wa mai kaya cewa ba a yi masa alkawarin sabuntawa ba.

Ni abin da nake yi wa irin waɗannan shi ne in cire had disk in sa SSD, ma'ajiya marar faifai da ta fi shi sauri, in ƙara RAM, wurin da na'ura ke riƙe aikin da take kai, ya kai gigabayit 8, sannan in tambayi mutum me yake yi da ita. In rubutu ne da intanet da kallo, nakan ba shi shawarar ya bar Windows ya koma Linux Mint ko Ubuntu, nau'o'in babbar manhajar Linux. Wani ɗalibi ɗan Finland, Linus Torvalds, ya fara Linux a 1991, kuma kyauta ne, ba satar lasisi, ba wani kirak, wato manhajar karya lasisi, da ke shigowa da ƙwayar cuta a ɗaure a gindinsa. Ubuntu ma wani ɗan Afirka ta Kudu ne, Mark Shuttleworth, ya kafa shi a 2004. Masu cewa ba su iya Linux ba nakan nuna musu wayar da ke aljihunsu, don Android a kansa aka gina shi. Amma ba na yaudarar kowa. Mai aikin CorelDRAW da ke buga katin biki da kalanda, ko mai AutoCAD, ya zauna a Windows ɗinsa. Na taɓa ɗora wa wani mai buga takardu Linux don zumuɗi, washegari ya dawo da firintarsa a ka yana neman ya cinye ni. Laifina ne, ban tambaye shi ba. Mac kuwa, kwamfutar kamfanin Apple, kyakkyawa ce, ba musu, sai dai sababbin an manne musu RAM da ma'ajiya a jikin bod, ba a ƙari, kuma ranar da ta lalace kayanta sai an yi jira.

Ga marubutanmu da malaman Hausa, akwai abin da nake yi musu ko ba su tambaya ba: in kunna musu kibod ɗin Hausa da ke cikin Windows, su daina rubuta ƙasa kamar kasa, ɓata kamar bata. Da yawa sun yi shekaru ba su san yana nan ba.

Sai maganar caja, wadda ita ce ke sa ni hawan jini. Akwai wani dila da na yi shekaru ina sayayya a wurinsa, ya aiko min da kwali guda ya rantse na asali ne. Tambari daidai, rubutu daidai. Da na ɗaga ɗaya na ji ba nauyi, sai na fasa ta. An cire rabin kayan da ke tace wuta, aka manna guntun ƙarfe a ciki don ta ɗan yi nauyi, shi ma ƙarfen an yi rowarsa. Irin wannan ce ke sa linzamin laftof ya riƙa rawa da kansa in an jona wuta, ita ce ke kumbura batir, ranar da wuta ta dawo da ƙarfi kuma ta tafi da bod. Na mayar masa da kayansa, muka rabu. Yanzu kowace caja sai na jona ta tana aiki na auna wutarta kafin ta hau kanta. In mai saye ya ce ta yi tsada ga ta can rabin kuɗi, ba na jayayya, fasasshiyar nan tana nan a aljihun tebur, ita nake ciro masa.

Son aune-aunen nan ya wuce shago. Ranar Laraba 29 ga Maris 2006 aka yi husufin rana. Makonni kafin nan na gani a shafin NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, a wani kafe da muke biyan kuɗin awa, an zana hanyar da inuwar za ta bi daga Gana ta ratsa Togo da Benin, ta shigo yammacin Najeriya ta haura arewa maso yamma ta wuce Nijar da Chadi, har da lokacin. Na gaya wa maigida, ya ce to mu gani. Da hantsi kuwa sai haske ya dushe, gari ya yi wani iri kamar magariba ta yi kuskuren lokaci, mutane suka nufi masallaci, mu ma muka bi. Da muka dawo ya dube ni ya ce, "Waɗannan sun auna." A wurinsa babu yabon da ya fi wannan. Shi ya sa a 2020, da aka riƙa yaɗa cewa 5G ce ke kawo korona, alhali ko fara amfani da ita ba a yi a ƙasar nan ba sai 2022, na daina amsa saƙonnin wani zaure na WhatsApp gaba ɗaya. Haka masu tura na'urar da ta sha ruwa cikin buhun shinkafa. Shinkafa ba ta cire tsatsar da ke cin ƙafafun aisi, ƙananan kayan nan da ke manne a kan bod. Kashe ta, kada ka jona caja, cire batir in yana ciruwa, ka kawo ta ranar, a wanke bod da sinadarin da ya dace.

Jiya da yamma wani malamin makaranta ya zo da laftof da ta kulle kanta da BitLocker, makullin tsaro na Windows, tana neman lambobi 48 da bai taɓa sanin akwai su ba. An riga an ce masa a wani wuri sai fomatin. Muka zauna muka yi ta gwada tsofaffin imel ɗinsa har muka dace da wanda aka buɗe na'urar da shi, ni na juya baya shi ya shigar da kalmar sirrinsa, ga makullin nan a ajiye a asusunsa na Microsoft. Sakamakon jarrabawar aji shida ne a ciki. Na sa ya kwafe lambobin a takarda da hannunsa, ya ninke ya sa a aljihun gaba. Da aka zo biya, sai ya gyara hula ya ce, "To Injiniya, ai ba ka kwance ko kusa ɗaya ba, a yi min ragi mana."