Zaren aikin gira: siliki ko mai narkewa?

Ƙannena da kuka fara riƙe allura a aikin gira, wato tiyatar juyo da gashin fatar ido da ya koma ciki yana sosa ido, akwai abin da mu da muka riga ku muka daɗe muna yi wa riƙon sakainar kashi, wato zare. Duk wanda aka tarar a tire shi ake ɗauka. Sai bayan makonni a ga nama ya tsiro a cikin fatar ido, ko gashi ya koma yana sosa baƙin ido, a ɗora laifin a kan majinyaci.

Ku fara sanin aikin da zaren yake yi. Amosanin ido yana barin tabo a cikin fatar ido ta sama, tabon ya tsuke, ya lanƙwasa tasal, wato faifan nan mai tauri da ke riƙe da surar fatar ido, wanda kaurinsa bai wuce milimita 1 ba. Ana tsaga shi milimita 3 daga bakin fatar ido, a juya guntun da ke ɗauke da gashi waje, sannan a ɗaure shi da ɗinki uku: na tsakiya, na wajen hanci, na wajen kunne. Zaren nan shi kaɗai ke riƙe da guntun a sabon mazauninsa har nama ya kama, kuma wannan yana ɗaukar kimanin mako biyu. Saboda haka tambayoyi biyu ne gabanku: shin zaren zai yi ƙarfi har tsawon wannan lokaci, kuma wa zai cire shi?

Siliki mai lamba 4/0 shi aka daɗe ana koyar da aikin da shi. Yana da araha, yana da laushi a hannu, ƙullinsa ba ya zamewa, kuma baƙinsa yana fitowa sarai a cikin jini. Aibinsa shi ne saƙaƙƙe ne, ƙwayoyin cuta suna samun maɓoya a tsakanin silinsa, kuma jiki ba ya shiri da shi. Dole a cire shi tsakanin mako ɗaya zuwa biyu. Idan ya wuce haka sai hanyar zaren ta fara ruwa, ta kumbura, wani lokaci ta yi mugunya. A nan aka fi yin kuskure: a yi wa tsohuwa aiki a sansanin tiyata a wani ƙauyen Jigawa ko Damagaram, a ce mata ta dawo ranar kaza, alhali tafiyar yini ce, damina ta sauka, kuma sai ta sami mai yi mata jagora. Ba za ta dawo ba. Ko kuma wani da bai san yawan ɗinkin ba ya cire biyu ya bar guntun na uku a ciki.

Vicryl, saƙaƙƙen zare mai narkewa, shi ne mafita a irin wannan hali. Yana riƙe da kusan kashi 75 cikin 100 na ƙarfinsa a mako biyu, rabi a mako uku, sannan ya narke gaba ɗaya tsakanin kwana 56 zuwa 70. Ruwan jiki ne ke narkar da shi sannu a hankali, shi ya sa kumburinsa bai kai na siliki ba. An gwada su biyun a Habasha a kan mutum 1,300, aka buga sakamakon a 2011: bayan shekara ɗaya gira ta dawo wa kusan kashi 20 cikin 100 na masu siliki da kusan kashi 18 na masu Vicryl, wato babu wani bambancin a zo a gani, amma tsiron nama ya fi yawa a ɓangaren siliki. Ni a ganina hukuncin a fili yake. Inda kuke da tabbacin majinyaci zai dawo kuma akwai ƙwararren da zai cire, siliki ya wadatar. Inda babu tabbaci, ku biya kuɗin Vicryl, 5/0 ko 4/0. Amma kada rashin cire zare ya zama rashin bibiya: a duba ido washegari, a sake dubawa bayan mako ɗaya zuwa biyu, sannan bayan wata uku zuwa shida.

Ku riƙa karanta jikin fakiti da kyau. Vicryl Rapide sunansu ɗaya amma halinsu daban: rabin ƙarfinsa yana tafiya a kwana 5, kafin mako biyu babu sauran ƙarfi. Na ɗinkin fata ne, ba na riƙe tasal ba. Haka ma katgot, zaren hanjin dabba mai narkewa, wanda ba a jiƙa da sinadarin kuromik ba, ƙarfinsa bai wuce kwana 7 zuwa 10 ba. Nailan da Prolene kuwa sili ɗaya ne, jiki ba ya faɗa da su, amma ƙullinsu yana kwancewa idan ba a ƙara zagaye ba, bakinsu kuma yana tsayawa tsaye kamar ƙaya, ya iya karce baƙin idon da aka zo ceta.

Lamba ma tana ruɗa sababbin hannu. Yawan sifili, ƙarin siranta. Zaren 6/0 yana yanka tasal mai tabo idan aka ja shi, ko ya tsinke wajen ƙulli. 3/0 kuwa ya yi kauri, yana barin ramuka da tabo a fata. Allura ta zama mai kaifi a gefe, mai lanƙwasar 3/8 na da'ira, tsawonta milimita 16 zuwa 19. Allura mai zagayayyen jiki ta hanji ce, ba ta ratsa tasal sai da ƙarfi, ƙarfin nan kuma shi ke yaga guntun da ke ɗauke da gashi. Idan allura ta dakushe a tsakiyar aiki, a sauya ta.

Duk da haka, mafi yawan girar da ke dawowa ba daga nau'in zare take ba, daga inda aka sa shi ne da yadda aka ja shi. Tsagar da ba ta kai ƙarshen gefuna biyu ba tana barin gashin kusurwa a ciki, kome kyawun zare. Cizon allura ya shiga naman tasal sosai, kada ya tsaya a fata. A daidaita jan ɗinki uku kafin a kammala ƙullin ko ɗaya. Wanda ya fi 'yan'uwansa tsauri shi ke barin gurbi a bakin fatar ido. A bar gashin ya ɗan wuce kima wajen kallon waje a kan tebur, domin yana ɗan komawa idan kumburi ya sauka. Idan fata ta yi fari a ƙarƙashin ƙulli, an shaƙe jini, a sassauta. Ƙulli a waje yake zama, sama da gashi, a yanke bakinsa kimanin milimita 3. Salon aikin ma yana da nasa tasiri: a wani gwajin Habasha na 2016 a kan mutum 1,000, gira ta dawo wa kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka tsaga daga ciki kawai, salon Trabut, da kashi 22 na waɗanda aka tsaga fatar gaba da baya.

Fatar ido ta ƙasa da ke juyawa ciki saboda tsufa wata magana ce dabam, domin a nan babu tabo, saki ne. Ɗinkin juyawa na Quickert da Rathbun, wanda suka bayyana a 1971, yana dogara ne da tabon da zaren zai bari, shi ya sa ake amfani da katgot mai kuromik 4/0 ko 5/0, ko Vicryl mai allura biyu, a bar shi ya narke. Idan za a tsuke fatar a ɗaure ta a rufin ƙashin gefen ido, ana son 4/0 ko 5/0 mai jimawa, kuma a nan Prolene yana da amfani domin a binne yake. Fata kuma 6/0, a cire a kwana 5 zuwa 7.

Zafi da laima suna cin ƙarfin zare mai narkewa tun yana cikin fakiti, don haka kada a bar kwali a bayan mota a rana, kuma fakitin da ya huje ko ya wuce wa'adi a yar da shi. Ragowar zaren wani ba a kai shi idon wani.

Ranar cire siliki, a ɗaga ƙulli, a yanke ƙafa ɗaya kawai dab da fata, a ja ta wajen ƙullin. Yanke ƙafa biyu shi ke barin guntu a ciki. A ƙirga abin da aka cire a gwada da abin da aka rubuta a kati ranar aiki, sannan a duba cikin fatar ido. Idan nama ya tsiro daga baya, a ɗiga maganin kashe zafi, a yanke shi daga tushe, a binciki wurin ko akwai guntun zare, a ci gaba da man tetirasaikilin.