Baba Tsoho, badukun Birni

Kakanmu, wanda duk gida ke kira Baba Tsoho, ya rasu bayan ƙaramar salla a ɗakinsa na unguwar Birni a Damagaram, Allah ya jiƙansa da rahama. Bai taɓa mallakar takardar haihuwa ba, amma yakan ce mahaifiyarsa ta faɗa masa ya zo duniya ƴan shekaru bayan Turawa sun ɗauke mazaunin gwamna daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, don haka mun san ya haura casa'in.

Baduku ne ɗan baduku. A zauren mahaifinsa ya koyi riƙe basilla tun kafin ya kai munzali, kuma a wannan zaure ya zauna har idonsa ya gaza. Yakan je wurin majema da kansa ya zaɓi fatar akuya, ya murza ta tsakanin yatsunsa, ya shinshina, ya gane ko ta sha bagaruwa yadda ya kamata ko kuwa an yi gaggawar tsame ta. Jan launi daga karan dafi yake samo shi, bai kuma yarda da garin rini na kanti ba sai da tsufa ya hana shi wahalar haɗawa. Ya ɗinka kube da zabira da takalma, ya yi kayan doki da mahaya suka fita da su hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, amma aikin da aka san shi da shi, daga Zango har Mirriya, shi ne gafaka, jakar fata da ake sa Alƙur'ani a ciki.

A kan gafaka ne na fahimci ko wane irin mutum ne. Lokacin farin 1973 zuwa 1974 dabbobi sun yi ta faɗuwa a arewacin Tanut, fata ta cika kasuwa, kuɗinta ya faɗi warwas, alhali hatsi ya gagari talaka. Mafi yawan fatun nan na mushe ne, kuma bayan an jeme su ba mai iya bambancewa sai gwani. Baba Tsoho ya ji daga malamansa cewa jima ba ta tsarkake fatar mushe tsarki cikakke, saboda haka ya ƙi sa Alƙur'ani a cikinta. Ya riƙa bin mahautan da ya amince da su yana sayen fatar dabbar da aka yanka, da tsadarta, yana kuma sayar da gafaka a kuɗinta na da, domin masu sayenta almajirai ne da gardawa waɗanda su ma yunwar ba ta bar su ba. Gwaggona, wadda take budurwa a lokacin, ta ce akwai kwanakin da tukunya ba ta hau murhu ba sai bayan la'asar, kuma kakarmu ta yi masa magana. Amsar da ya ba ta ita ce: "Uwar gida, mai saye bai sani ba, amma ni na sani." Ina ganin wannan ya fi duk abin da ya bar mana nauyi, domin ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda zai kama shi da ya yi akasin haka.

Shekarar 1984 ta fi ƙuntata masa. Ga fari, ga Najeriya ta rufe iyakarta, har mutane suka raɗa wa yunwar suna El Buhari. Fataken da ke kwasar kayansa zuwa Kano ta hanyar Matamai suka daina zuwa, ya koma gyaran takalma a bakin kasuwar Dole, aikin da a da yaransa yake bar wa. Bai ɓoye mana cewa abin ya yi masa ciwo ba. Bayan an karya darajar kuɗin sefa a Janairun 1994, sai ga takalman roba da jakunkunan leda sun mamaye rumfuna, ƴaƴansa kuwa kowa ya kama hanyar lakwal, wato makarantar boko, ko tuƙin mota, shi kuma bai tilasta wa kowa zama a zaure ba.

Da mu jikoki wasa yake yi, kamar yadda aka saba, yana kiran matan cikinmu amarensa, mazan kuma abokan takararsa. Amma idan ya fara labarin Sarki Tanimun da ganuwar da ya kewaye Birni da ita, ko yadda tsofaffin gidansu suka ba shi labarin shigowar Faransawa a 1899, sai murya ta sauya, wasa ya kau, ba mai motsi har ya gama.

A zaman makoki wani dattijo ya zo daga wani ƙauye na kusa da Magarya, rataye da gafakar da ya ce ya saya a hannun Baba Tsoho tun yana gardi, ɗinkinta bai saki ba ko guda. Shi ne ya tambayi wanda zai gaji zauren. Kawunnanmu sun shawarta a daren, suka miƙa kayan aikin ga yaron gidansa na ƙarshe, wanda ba jininmu ba ne amma ya fi kowa daɗewa a gabansa. Ya buɗe zauren bayan sadakar arba'in, kuma ɗan yayata, mai shekara goma sha biyu, yana zuwa wurinsa ranakun da ba karatu.