Inda sashen gaggawa yake toshewa idan likitoci masu neman ƙwarewa suka tafi yajin aiki

Na yi shekaru ina aikin jinya a sashen gaggawa, kuma a tsawon wannan lokaci na ga yajin aikin likitoci masu neman ƙwarewa fiye da sau ɗaya. Duk sa'ad da sanarwar yajin ta iso, tambayar farko da shugabannin asibiti suke yi ita ce wa zai tsaya a bakin ƙofa ya karɓi marasa lafiya. Tambaya ce mai nauyi, amma a ganina ita ce mafi sauƙin amsawa, domin manyan likitoci suna nan kuma sun san yadda ake ceton rai. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙofar fita, wato hanyar da maras lafiya yake bi ya bar sashenmu zuwa ɗakin kwanciya ko zuwa gida, saboda a nan ne na sha ganin shiri mai kyau ya wargaje.

Likitoci masu neman ƙwarewa ba ɗalibai ba ne. Sun gama makaranta, suna da lasisin aiki, wasunsu ma sun shafe shekara bakwai ko takwas suna duba marasa lafiya, kuma wannan ne dalilin da ya sa a Ingila aka daina kiransu ƙananan likitoci tun daga watan Satumba na 2024. A can sun kai kusan rabin likitocin asibitocin gwamnati. Su ne suke rubuta magani, su nemo jijiya a hannun da ya kumbura, su bi sakamakon gwajin jini har ya fito, su kwana a asibiti suna amsa kira, sannan su rubuta takardar sallama. Aikinsu irin wanda ba a lura da shi ne sai ranar da aka wayi gari babu mai yin sa.

Ba na manta wata safiya ta ranar farko ta yaji. Wani babban likita, wanda ya horar da rabin mutanen da ke sashen, ya duba wata dattijuwa mai fama da numfashi, ya gano abin da ke damunta cikin 'yan mintoci, ya juya ga kwamfuta zai rubuta mata magani, sai kwamfutar ta ƙi buɗe masa. An daɗe da rufe lambar sirrinsa ta wannan manhaja, domin ya yi shekaru ba shi ne yake shigar da magani da hannunsa ba. Ni kuwa ina tsaye da allura a hannu, ba ni da ikon yi mata sai an rubuta. Sai da muka koma ga takarda da biro, muka aika a nemo fom ɗin da aka daina amfani da shi, kafin matar ta samu abin da take bukata. Tun daga ranar na yarda cewa shirin yaji na gaskiya yana farawa ne daga irin waɗannan ƙananan abubuwa: a zaunar da kowane babban likita a gaban kwamfuta mako guda kafin ranar, ya gwada rubuta magani, ya gwada neman hoton ƙirji, ya san lambar da ake bugawa idan ana bukatar jini da tsakar dare.

Akwai wani abu da yake ba mutane mamaki, shi ne sau da yawa sashen gaggawa ya fi sauri a ranar yaji. Dalilin a fili yake. Idan ƙwararre ne ya fara ganin maras lafiya, ba ya bukatar ya je ya nemi shawarar wani, ba ya yawan neman gwaje-gwajen da ba su zama dole ba, kuma yana da ƙarfin zuciyar sallamar wanda zai iya komawa gida. Binciken da aka yi a kan yajin da aka yi a Ingila a 2016, wanda a ranakun 26 da 27 ga Afrilu ya haɗa har da aikin gaggawa a karon farko, bai nuna wani ƙarin mace-mace na a zo a gani a kwanakin ba. Sai dai ba na son a ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa babu abin da ya faru. An samu wannan natsuwa ne domin an kwaso manyan likitoci daga ɗakunan tiyata da wuraren ganin likita na yau da kullum, aka soke abin da aka shirya yi wa dubban mutane. Zuwa ƙarshen 2023, tiyata da ganin likita da aka ɗage a Ingila saboda yaje-yajen ma'aikatan lafiya sun wuce miliyan ɗaya. Mai jiran a cire masa ƙari ba ya bayyana a lissafin sashen gaggawa, amma ciwonsa bai tsaya ba.

Haka kuma raguwar jama'a a bakin ƙofa ba koyaushe take zama alheri ba. Mutane suna jin labarin yaji sai su zauna a gida, kuma a cikin masu zaman akwai mai ciwon ƙirji da mai alamun shanyewar ɓarin jiki, wanda maganin narkar da gudan jinin da ya toshe masa jijiya ana ba da shi ne galibi cikin sa'o'i huɗu da rabi na farko. Saboda haka sanarwar da asibiti zai yi wa jama'a tana cikin shirin, kuma dole ta faɗa ɓaro-ɓaro cewa sashen gaggawa a buɗe yake.

Ƙofar fita kuwa, ga yadda take toshewa. Idan aka tara dukkan manyan likitoci a sashen gaggawa aka bar ɗakunan kwanciya da mutum ɗaya ko biyu, zagayen safe yana kaiwa har azahar, wanda ya warke ba ya samun mai rubuta masa takardar sallama da maganin tafiya gida, gadonsa ba ya fita, kuma wanda muka gama dubawa tun hantsi yana nan kwance a kan keken ɗaukar marasa lafiya a baranda. Kafin magariba barandar ta cika, motar asibiti tana tsaye a waje da wani a ciki ba wurin sauke shi. Asibitin da ya san abin da yake yi yakan rage cunkoson ɗakunan kwanciya kwana biyu ko uku kafin yajin, ya ba masu harhaɗa magunguna da ƙwararrun ma'aikatan jinya aikin da doka ta yarda su yi, ya kuma ware likita wanda ba shi da wani aiki a ranar sai sallama. Wannan mutum ɗaya yana iya yi wa sashen gaggawa amfanin da likitoci uku a bakin ƙofa ba za su yi ba.

Wajibi ne kuma a zauna da ƙungiyar likitocin tun kafin rai ya ɓaci, a rubuta yanayin da za a iya kiran masu yaji su dawo, kamar hatsarin da ya rutsa da mutane da yawa, a kuma san wanda zai buga waya da wanda zai amsa. A yajin kwana shida na 3 zuwa 9 ga Janairun 2024 a Ingila an yi ta saɓani a kan wannan batu tsakanin asibitoci da ƙungiyar likitoci ta BMA, kowane ɓangare yana zargin ɗayan. Ban taɓa haɗuwa da likita mai yaji da yake son maras lafiya ya cutu ba, amma idan ba a yi yarjejeniya a rubuce ba, sai a ɓata lokaci wajen gardama alhali mutum yana zubar da jini.

Duk wannan shiri na yajin da aka san ranar ƙarewarsa ne. Babban likita mai shekara sittin zai iya kwana biyu ko uku a asibiti, amma ba zai iya wata biyu ba. A Najeriya ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta ƙasa, wato NARD, ta fara yaji a ranar 2 ga Agustan 2021, ba ta janye ba sai farkon Oktoba. A Koriya ta Kudu dubban likitoci masu neman ƙwarewa sun bar aiki a Fabrairun 2024 saboda shirin gwamnati na ƙara gurabe 2,000 a makarantun koyon likitanci, har aka tura likitocin soja asibitocin farar hula, aka faɗaɗa aikin ma'aikatan jinya, amma duk da haka an yi ta samun rahotannin motocin asibiti suna yawo da marasa lafiya daga wannan asibiti zuwa wancan. A irin wannan hali jadawalin aiki ba ya wadatarwa, sai asibitocin yanki guda sun raba nauyi a tsakaninsu, kowa ya san inda ake kai mai naƙuda da inda ake kai wanda ya yi hatsari.

Ranar da na fi tsoro ita ce ranar da yajin ya ƙare. Waɗanda suka daure a gida duk suna zuwa a lokaci guda, ciwonsu ya ƙara tsanani, manyan likitocin da suka riƙe wurin sun tafi hutun da suka cancanta, masu dawowa kuma suna tarar da marasa lafiyar da ba su san tarihinsu ba da tarin sakamakon gwaji da ba wanda ya duba. Shi ya sa duk sa'ad da aka nuna mini jadawalin yaji, ba na tsayawa a kan kwanakin yajin, sai in buɗe shafin kwana ukun da ke biye da su in ga sunan wa aka rubuta a aikin dare.