Gyaran tsohuwar mashaya a Ingila: abin da siminti ke yi wa gini irin na 1677

A titin Borough High Street da ke Southwark, kudu da kogin Thames a Landan, akwai mashaya mai suna The George. Asalinta zango ne na matafiya masu keken doki: ɗakunan kwana a sama, barandar katako a gabansu, dawaki a tsakar gida. Gobarar 1676 ta cinye tsohon ginin, aka sake shi a 1677. Da jirgin ƙasa ya kashe kasuwar keken doki, kamfanin jirgi ya rushe ɓangarori biyu ya yi rumbunan kaya. Ɓangare ɗaya ya tsira, kuma tun 1937 yana hannun National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi. Shi kaɗai ne zangon da ya rage a Landan da irin wannan baranda.

Mai gyaran gini irin wannan ba ya cire ko taga sai da izinin hukuma, don doka ta kare ginin. Amma babbar matsalar ita ce danshi.

Magina na da, da farar ƙasa (lime a Turance) suke ɗaura bulo su yi yaɓe. Tana shan ruwa, tana sakinsa idan iska ta kaɗa. Siminti kuwa, idan aka yi gyara da shi, riƙe ruwan yake a ciki. Sai bulo ya fara ɓarewa lokacin sanyi, katakon da ke jikin bango ya jiƙe. Danshin katako ya wuce kashi 20 cikin 100, ruɓewa ta kama, ƙwaro ya bi baya. Duk wanda ya ga gidan ƙasa da aka yaɓe da siminti yana zubar da fatarsa bayan damina ya san ciwon.

Shi ya sa da farar ƙasa ake gyaran. Kwaɓin da aka saba: awo ɗaya na farar ƙasa, uku na yashi mai kaushi. A yaɓen ciki ana zuba gashin doki ko na akuya don kada ya tsage. Shafi uku ake yi, na farko da na biyu kaurinsu kamar milimita 10, na ƙarshe siriri, ana barin kwanaki tsakaninsu. Ba a aikin idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5 na Celsius. Rana ta yi zafi kuma, a rufe bangon da jiƙaƙƙen buhu; ya bushe da gaggawa, gari zai koma.

Ginshiƙin da ya ruɓe ba a fid da shi duka. Wurin da ya lalace ake yankewa, a sassaƙa sabon katako irinsa a haɗa. Aikin na cin lokaci, shi ya sa masu mashaya ke ƙorafin kuɗinsa, musamman idan sai an rufe ɗakin da ya fi kawo ciniki.