Abin da kwalbar zuma ta koya mini a ɗakin ba da magani

A shekarun da na yi ina aiki a ɗakin ba da magani, ban taɓa shan wahalar amsa tambaya kamar ranar da wani matashi ya zo da mahaifinsa mai fama da cutar Parkinson, wadda ke sa karkarwar jiki, ba. Dattijon ya zauna a kan benci, hannunsa na dama yana karkarwa a kan cinyarsa, carbinsa na ƙoƙarin zamewa, ɗan kuwa ya ajiye kwalbar zuma a gabana ya ce, "Malam, an ce mana wannan da harbin ƙudan zuma suna warkar da ciwon Baba, ko mu dakatar da ƙwayoyin?"

Na kusa yanke masa hanzari, sai na tuna cewa zuma tana da daraja a wurinmu, domin Alƙur'ani ya ambaci warakar da ke cikinta a Suratun Nahli. Na roƙe su kada su taɓa ƙwayoyin, na koma gida na yi karatu.

Cutar tana faruwa ne idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin suka riƙa mutuwa, kuma levodopa, wanda shi ne babban maganinta tun shekarun 1960, cike giɓin yake yi. Dafin ƙudan zuma yana ɗauke da sinadarai irin su melitin da afamin, waɗanda suka nuna alamar kare waɗannan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a gwajin ɓeraye. Sai dai a wani bincike da aka wallafa a 2016, inda likitoci a Faransa suka gwada allurar dafin a kan marasa lafiya 40, sau ɗaya a wata har tsawon wata 11, ba a ga bambanci na a zo a gani ba tsakanin waɗanda suka karɓi dafin da waɗanda aka ba ruwan gishiri. Ga kuma haɗarin da ya fi tayar mini da hankali: wasu mutane harbi guda yakan kumbura musu maƙogwaro har numfashi ya gagara.

Da suka dawo, na durƙusa kusa da dattijon na ce, "Baba, ku sha zumarku a koko matuƙar ba ku da ciwon sukari, amma ku bar batun harbi, kuma ku riƙa shan maganin nan a kan lokacinsa." Ya gyaɗa kai, ya miƙa wa ɗansa kwalbar, ya sa ƙwayoyin a aljihun rigarsa da kansa.