Tarihin Rayuwata, Kashi Na 12: Faifan Da Na Saƙa A Gaban Inna

Makon jiya na tsaya ne a ranar da na dawo gida Kano, bayan malaman jami'a sun tsunduma yajin aiki ranar 14 ga Fabrairun 2022. Da 'yar ƙaramar jaka na dawo, don sati huɗu aka fara sanarwa. Ba a janye ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur.

Watan farko a kan waya na ƙarar da shi. Duk abin da Baba ya ba ni, data nake saye. In kwana ina latsawa, in wayi gari kaina na sarawa, zuciyata a cunkushe, abu kaɗan sai faɗa da ƙannena.

Inna, mahaifiyar Baba, ita ta lura. Kullum da hantsi tana zaune a inuwar ɗakinta da kwanon ruwa a gefe, kaba na jiƙe a ciki. Wata rana ta kira ni.

"Ke 'yar nan, zo ki sa min kaba a kafar basilla, idona ya fara gajiya."

Na sa mata, na miƙe zan tafi, ta riƙo bakin zanena. "Zauna mana, kishiya. Hannun da bai da abin yi shi ke kai wa zuciya damuwa."

Na zauna. Ranar ce na fara sanin cewa kaba ganyen goriba ce, wadda muke gaigayar 'ya'yanta tun muna yara. Da ita ake tabarma da mafici da igiya da malafa. Ni da na tashi ina ganin faifai a kan ƙwaryar fura, ban taɓa tambayar daga ina ya fito ba.

Da sati ya zagayo ta aike ni Kasuwar Kurmi, tare da ƙanena. Kasuwar nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, kuma har gobe in ka kutsa lungunanta za ka tarar da dukawa da masu ƙwarya da masu tabarmi. Na sayo damin kaba, basilla guda, da ƙullin galura ja da kore. Wallahi duka kuɗin bai kai abin da nake zubawa a data na sati ɗaya ba, kuma kayan nan sun kai ni har bayan Sallah. Wannan lissafin ya daɗe yana yi min yawo a rai.

Muka tafasa ruwa a tsohuwar tukunya, muka zuba galura, muka tsoma kabar har ta sha launi, muka shanya. Kwana uku yatsuna suna ja kamar na sa lalle.

Cibiyar faifai ita ce wahalar. Za ka tattara 'yan tsinkaye, ka naɗe su da kabar da ka tsaga siririya, ka lanƙwasa su kamar dodon koɗi. Daga nan kowane zagaye sai ka soka basilla a jikin na bayansa, ka ja, ka ƙara tsinke in na ciki ya fara ƙarewa. In ka ja da ƙarfi, faifan ya ƙoɓare ya zama kamar kwano. In ka sassauta, ya yi ƙofofi. Inna ba ta gyara min da baki. Takan karɓa, ta shafa da babban yatsanta, ta warware zagaye biyu, ta miƙo min. Sau huɗu na sake cibiya kafin ta gyaɗa kai.

Azumi ya kama a farkon Afrilu, ga zafin Kano. Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da da can nake kwance ina juyi, ya zama lokacin saƙa. A nan ta ba ni labarin aurenta, da yadda ta jera faifai a bangon ɗakinta, kowanne saƙar hannunta. Ta ce matan yanzu har zaren buhun shinkafa suke warewa su naɗe faifai da shi, bai kai kaba kyau ba amma ba ya cin ko sisi. Barci na ya dawo daidai. Sai in wuni waya na ɗaki ban tuna da ita ba.

Wata ƙawata ta ce in riƙa sakawa a WhatsApp ina sayarwa. Sana'a ce mai albarka, kuma mata da yawa da ita suke rufa wa kansu asiri, amma ni a lokacin nan natsuwa nake nema, na kuwa same ta a kan tabarmar Inna.

A goman ƙarshe na gama faifaina na farko, mai zagaye ja da kore, gefe guda ya ɗan karkace. Da aka kusa shan ruwa Inna ta ɗauke nata daga kan ƙwaryar kunu ta ɗora nawa. Baba ya shigo, ya ɗaga shi, ya jujjuya.

"Inna, wannan ba hannunki ba ne."

"Na jikata ne," ta ce. "Ka mayar ka rufe, ƙuda zai faɗa."

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin rashin lafiyar da ta kwantar da Inna da damina, da faifan da ta bari rabi a cikin kwanon ruwa.